Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin da ke Kwance Tsakanin Kano da Mambila

Gabatarwa

Da na kammala hidimar ƙasa a Jihar Filato, na dawo gida Kano da ɗan abin da na tara daga alawus, da kuma buri guda ɗaya: in yi doguwar tafiya a mota tare da abokaina biyu, mu ratsa dazuzzuka da duwatsu da magangarun ruwan da ke tsakanin Kano da tsaunin Mambila. Ba mu nufi komai ba illa hutu da kallo da ɗaukar hoto. Na sayo taswira, na shimfiɗa ta a kan tabarma a tsakar gida, na shiga zana hanya da jan biro.

Kakata ta wajen uwa tana gefe tana jan carbi. Ta dube ni ta ce, "Maigidan, ina kuma za ka tafi ka bar ni?" Na ce mata duwatsu za mu je kallo. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To, in ka je ka gaishe su, dangi ne." Na ɗauka wasan kaka da jika ne, sai da ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kakarta, wadda ta yi wayo ta tarar da ita da rai, ba haifaffiyar Kano ba ce. Tana yarinya ƙarama mahaya suka ɗauko ta daga gindin wani dutse a kudu, aka sayar da ita, ta tashi a gidan da daga baya ta haihu a cikinsa. Zanen fuskarta ya bambanta da na kowa a unguwar. Har ta koma ga Allah ba wanda ya san sunan da iyayenta suka raɗa mata, balle sunan dutsen.

Digirina na tarihi ne, kuma na rubuta jarrabawa a kan bauta a Daular Sakkwato, amma ban taɓa kawo wa raina cewa maganar ta shigo har tsakar gidanmu ba. Daga ranar na daina kallon taswirar a matsayin jerin wuraren shaƙatawa. Wannan muƙala bayani ce a kan shirin tafiyar, zango bayan zango, tare da abin da tarihi ya adana game da kowane zango. Abin da nake son nunawa shi ne, kusan duk inda muke zuwa kallo a yau, jiya wasu mutane sun ɓuya a wurin, ko sun yi sana'a, ko an tilasta musu aiki, ko an raba su da shi. Wanda ya je bai san haka ba, rabin wurin ya gani.

Zaɓen lokaci da hanya

Kawuna ya shafe shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da garuruwan gabas, don haka wurinsa na fara kai taswirar. Na ce, "Kawu, wane wata ya fi dacewa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kura biyu kake son kamawa da igiya ɗaya. Mai son ganin ruwa damina yake bi, mai son ganin nama kuwa rani yake jira."

Gaskiyarsa. Magangarun ruwa suna cika ne a ƙarshen damina, wajajen Satumba da Oktoba, amma a lokacin ciyawa ta yi tsawo ta rufe dabbobi, hanyoyin cikin daji kuma sun zama taɓo. Namun daji an fi ganinsu daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta tara su a bakin kogi. Muka tsayar da ƙarshen Nuwamba, lokacin kaka, da ruwa bai gama janyewa ba, hanya kuma ta fara bushewa. Kawu ya gindaya mana sharuɗɗa: kada mu yi tafiyar dare, kada mu wuce babban gari ba mu cika tanki ba, mu nemi mota mai ƙarfi mai tsayi daga ƙasa, kuma kowace safiya mu shiga tasha mu tambayi direbobin da suka kwana a hanya yadda gaba take.

Hanyar da muka zana ta kwana goma sha biyu ce. Daga Kano mu bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da Saminaka mu hau Jos. Daga Jos mu gangara Bauchi mu shiga Yankari. Daga nan mu bi ta Gombe da Numan da Jalingo da Bali zuwa Serti, mu hau Mambila. A dawowa mu biyo ta Bauchi da Ningi da Birnin Kudu.

Zango na farko: Falgore da Riruwai

Kimanin kilomita 150 kudu da Kano titi yake shiga dajin Falgore. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba cikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ke nan ruwan da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ta cikin wannan daji yake biyowa.

A bayan dajin akwai duwatsun Riruwai, wadda tsofaffin rubuce-rubuce ke kira Liruwen Kano. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, mutanen wurin sun san kuza. Suna tace ta daga yashin rafi, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Akwai takwararta a ƙasar Bauchi mai suna Liruwen Dalma, inda ake irin wannan sana'a. Waɗannan tsinkayen ƙarfe da Turawan Kamfanin Neja suka riƙa gani a hannun 'yan kasuwa su ne suka sa a 1902 kamfanin ya aiko masu bincike su bi sawunsu har inda ake haƙo su. Sawun ya kai su tsaunin Jos. Cikin 'yan shekaru kaɗan filayen kuza suka koma hannun kamfanonin ƙetare, sana'ar narkawa ta gargajiya ta mutu, jikokin masu ita suka zama leburori.

Kawu ya ja mini kunne a kan wannan zango fiye da kowanne. Ya ce tun yana tuƙi ake tare hanya a Falgore, don haka da hantsi za mu ratsa, ba tsayawa sai inda ke da jama'a. Wannan shi ne abu na farko da shirin tafiyar ya koya mini: dajin da hukuma ta fitar da mutanen kirki daga cikinsa, in ba ta tsare shi ba, wasu ne za su shige.

Zango na biyu: tsaunin Jos da magangarun ruwansa

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuwa sun haura mita 1,800. Daga wannan tsauni manyan koguna irin su Kaduna da Gongola suke samo asali, kuma a inda ruwa ke faɗowa daga gefen tudun zuwa kwari ake samun magangaru. Biyu muka sa a shirinmu: Assop, da ke kusa da Hawan Kibo a hanyar da ta gangara daga Jos, da kuma Matsirga, kusa da Kafanchan, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30.

Na taɓa zuwa Assop lokacin hidimar ƙasa. Mun ci mun sha mun ɗauki hotuna, ban tambayi kowa komai ba. Yanzu na san cewa wannan gangare mai wuyar hawa shi ne garkuwar mutanen tsaunin a ƙarni na 19. Dawakin Bauchi da na Zazzau suna da ƙarfi a fili, amma dutse ba wurin doki mai lifidi ba ne. Al'ummu irin su Berom da Anaguta da Afizere da Irigwe sun kewaye ƙauyukansu da shingen ƙyarana mai kauri, suna hawan ƙananan dawakinsu ba sirdi. Wasu sun ƙulla amana da Bauchi suna biyan gandu don a bar su, da yawa kuma ba a taɓa cin su da yaƙi ba har zuwan Turawa. A ɓangaren Kafanchan, masarautar Jama'a tana ƙarƙashin Zazzau, kuma bayi suna cikin abin da take aikawa, mutanen Kagoro kuwa suka riƙe duwatsunsu. Duk sa'ad da na dubi wannan gefe na taswirar, sai in tuna da yarinyar da aka ɗauko daga gindin dutse.

Abin da doki ya kasa, kuza ta yi shi. Saboda ita aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso tsaunin a 1914, aka rufe shi a 1957. Saboda ita babban layin dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927. Saboda ita kuma aka tare ruwan Kurra wajajen 1930 don samar da lantarki ga injinan haƙa. Da Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna, aikin tilas ɗin da dattawa ke kira ɗiban gwamna. Da yawansu sun fito ne daga ƙasa mai zafi, ba su da suturar sanyin Jos, abinci bai wadata ba, cuta ta kashe masu yawa. Kududdufan da matafiyi ke gani jere a hanyar Bukuru, masu ruwa kwance gwanin sha'awa, ramukan wannan haƙa ne.

Haƙar ta kuma tono abin da ba a nema ba. A 1928 aka ci karo da mutum-mutumin gasasshen yumɓu a wata mahaƙa kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa wani jami'in Ingila mai ilimin tono tarihi, Bernard Fagg, wani kan yumɓu da aka samu a ƙasar Jama'a, ya gane cewa aikin al'umma guda ce da ta rayu fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, wadda kuma ta san narka tama. Shi ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Mun ware wa gidan yini guda, domin a can ne za mu ga abin da ya tsira daga hannun ɓarayin da suka yi ta haƙe kayan Nok suna sayarwa Turai.

Zango na uku: Yankari

Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kuma ɗan ƙabilar Gerawa, shi ya kafa birnin a 1809. Daga Bauchi a bi hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a shiga ƙofar gandun a Mainamaji, sannan a yi tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin a isa masaukin Wikki.

Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Kogin Gaji ne jijiyarsa, a bakinsa ake ganin giwaye da ɓauna da gwanki da dorina. Maɓuɓɓugar Wikki kuwa ruwanta garau yake, ɗuminsa yana kan digiri 31 dare da rana, damina da rani. Yawancin baƙi iyakarsu ke nan: a yi wanka, a kori gwaggon birin da ke satar abinci, a shiga mota a nemi giwa.

Amma dajin da ake tallatawa a matsayin wurin da ɗan Adam bai taɓa ba, cike yake da sawun ɗan Adam. Akwai kogwanni 59 da mutane suka sassaƙa da hannu a jikin dutse, masu ƙaramar ƙofa da ɗaki a ciki, waɗanda ake kira da sunan P. J. Marshall, Baturen da ya ba da rahotonsu a 1980. Masana suna kyautata zaton mafaka ce daga masu farautar bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 da aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kuma gomman wuraren narka tama da har yanzu suke tsaye a Shau Shau. Duk wanda ya san aikin tama ya san irin gawayi da ƙwadago da kasuwar da yake bukata. Wurin da aka haƙa rijiya sama da ɗari, gari ne ko zangon fatake mai albarka.

Abin lura a nan shi ne sunan da kogwannin suke ɗauke da shi. Wanda ya gan su an san sunansa, waɗanda suka sassaƙa su kuwa sunansu ya ɓace, kamar yadda na kakar kakata ya ɓace. Shi ya sa muka ƙara kwana guda a Yankari, muka kuma yanke cewa tun daga ƙofa za mu gaya wa ɗan rakiya cewa kogwanni da rijiyoyi muke son gani kafin giwa.

Zangon da muka soke: Sukur

Daga Numan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi kudu zuwa Jalingo, ɗaya ta nufi Yola, daga can kuma a yi arewa zuwa duwatsun Mandara da ke kan iyakar Kamaru. A can Sukur take, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali, wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya, a 1999. Mutanen Sukur sun yi wa gangaren dutse matakala da jeren duwatsu suna noma a kai, sun shimfiɗa hanyar dutse tun daga kwari har bisa, sun gina wa sarkinsu, Hidi, fada da dutse zalla. Sun kuma shahara da narka tama, har ƙarfensu yana kaiwa Borno.

Tarihin Sukur yana da wata shaida da ba kasafai ake samun irinta ba. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927. A ciki akwai hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu, har da Sukur, tare da lissafin bayi da shanun da aka kamo. Dubi shekarun da kyau. Tun 1901 Lugga ya shelanta hana farautar bayi a Arewa, amma Madagali a lokacin tana hannun Jamus, sannan Faransa ta riƙe ta na ɗan lokaci kafin ta koma hannun Ingila. A tsakanin wannan miƙe-miƙe ba wanda ya damu da mutanen kan dutse. Sai a 1927 Turawan Ingila suka tuɓe shi. Ke nan ana kama mutane a wannan yanki har zamanin da mota ta riga ta shigo ƙasar.

Da na nuna wa Kawu wannan reshe na hanya, bai ce komai ba, sai ya karɓi biron ya ja layi a kansa. A ƙarshen 2014 mayaƙan Boko Haram sun hau Sukur sun ƙona gidaje, sun taɓa har fadar Hidi, kuma yankin Madagali ya daɗe yana fama da hare-hare. Ban yi masa musu ba, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma na bar sunan a kan taswirar. Dutsen da ya sha harin mahaya shekaru ɗari da suka wuce, ya sake shan na masu babura a zamaninmu, kuma sau biyun nisa da idon hukuma ne ya ba da ƙofa.

Zango na huɗu: Gashaka-Gumti da Mambila

Daga Jalingo hanya ta bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kuma kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe tsofaffin gandaye. Sunansa ya fito daga ƙauyuka biyu, Gashaka a Taraba da Gumti a Adamawa. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419, wanda ake kuma kira Gangirwal. Hawansa aikin kwanaki ne a ƙafa tare da 'yan rakiya da masu ɗaukar kaya, don haka mun bar shi sai wani jiƙon. Za mu tsaya a ƙauyen Gashaka, inda kufan sansanin sojan Jamus yake a kan tudu.

Wannan kufai yana tunatar da abin da yawancin tsarana ba su sani ba: Gashaka da Mambila da Madagali ba sa cikin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ƙasar Kamarun Jamus ce, wadda Ingila ta riƙe amana bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai da aka yi ƙuri'ar raba-gardama a Fabrairun 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, aka haɗe su ranar 1 ga Yuni na shekarar, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Dutsen da muke alfahari da shi a matsayin mafi tsawo a ƙasarmu, ƙuri'ar talakawa ce ta ba mu shi.

Daga Mayo Selbe titi yake fara nannaɗe dutse yana hawa, har ya fito bisa Mambila, ƙasar ciyawa da sanyi da hazo, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, garin Gembu kuma yana can kusa da iyaka. A ƙarni na 19 mahayan Banyo sun sha kai wa mutanen Mambila hari. A ƙarni na 20 makiyaya suka hau da shanunsu saboda kyawun ciyawa da ƙarancin ƙudan tsando. Tambayar wa ke da ƙasa ta biyo baya, ta kuma ci rayuka a 2017. Baƙon da ya ga koren tudu da shanu warwatse zai ce aljannar duniya ce, amma ya kamata ya san cewa kowane shinge da ya gani yana da labari, ya kuma iya bakinsa.

Hanyar dawowa: Ningi da Birnin Kudu

Da na tsaya a nan, mai karatu zai zaci tarihin kashi biyu ne kawai, mutanen fili masu kai hari da mutanen dutse masu gudu. Duwatsun Ningi, a hanyar Bauchi zuwa Kano, sun rushe wannan zato. Wajajen 1846 wasu malamai Hausawa ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa suka saɓa da hukumar Kano a kan haraji, suka yi hijira zuwa waɗannan duwatsu. Suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Pa'awa, suka kafa ƙarfin da ya gagari Kano da Bauchi da Zazzau sama da shekaru hamsin, har zuwan Turawa a 1902. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Su ma Ningawa sun yi ta kai hari ƙauyukan kudancin Kano suna kama mutane. Ashe Bahaushe ma ya nemi mafaka a dutse, kuma wanda ya gudu daga zalunci yana iya juyowa ya yi shi.

Zangonmu na ƙarshe Birnin Kudu ne, inda ake da zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar kuge. Ba su da nisa da Kano, amma a cikinmu uku ba wanda ya taɓa zuwa.

Kammalawa

Mu ne tsaran da suka tashi a lokacin da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Mun san sunayen wuraren nan daga hotunan waya, ba mu san abin da ya faru a cikinsu ba. Wannan rashin sani yana da farashi. Matashin Kano da bai san abin da dawakin kakanninsa suka yi a gindin duwatsu ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa wasu maƙwabtansa suke ɗari-ɗari da shi ba. Matashin Filato da bai san labarin ɗiban gwamna ko na malaman Ningi ba, zai ɗauka duk Bahaushe a jiya mai doki ne da takobi.

Don haka ina ba hukumomin da ke kula da waɗannan wurare shawara su kafa alluna masu bayanin tarihi da Hausa da harsunan mutanen wurin, su horar da 'yan rakiya daga cikin 'ya'yan yankin, su kuma naɗi muryoyin dattawa tun suna raye. Makarantu su riƙa kai ɗalibai kogwannin Yankari da duwatsun Birnin Kudu tare da malamin tarihi. Gwamnati kuma ta gane cewa tsaron daji da tsaron dutse ba a jinkirta su, domin tarihin hanyar nan ya nuna abin da ke biyo bayan sakaci. Matafiyi shi ma yana da nasa: ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya tambayi sunan wuri da harshen masu shi.

Daren da na gama shirin, na koma wurin kakata da taswirar. Na ce, "Hajiya, za ki iya tuna zanen fuskar nan?" Ta karɓi biron, hannunta yana rawa, ta ja 'yan layuka a gefen takardar, a daidai inda babu gari babu hanya. Ta ce, "Haka yake a kumatun hagu, haka a na dama." Na naɗe taswirar na sa a jaka. A Kagoro da Assop da duk gindin dutsen da muka tsaya, zan nemi dattijon garin in gaishe shi, in buɗe masa gefen takardar, in tambaye shi ko ya taɓa ganin wannan zane a fuskar wani nasa.